Araha Ba Ta Ado: Wa Ke Biyan Ragin Da Muke Nema?

(Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a babban taron reshe, gabanin sayayyar haɗin gwiwa ta sabon zangon karatu. Mun buga shi saboda membobin da ba su sami halarta ba, da kuma iyalansu.)

 

An ɗora mana nauyin mu yi magana a kan sayayya, tun da nan da 'yan makonni kwamitin jin daɗin membobi zai shiga kasuwa da kuɗin da muka tara. Da farko mun so mu kauce, domin malamin firamare ba ɗan kasuwa ba ne, abin da ya sani shi ne alli da allo da rajista. Amma da muka sake tunani sai muka ga ai babu wanda ya kai mu daɗewa a bakin rumfa. Mai ƙaramin albashi shi ne gwanin ciniki, domin dole ce ta koya masa. Saboda haka maganar ta cikin gida ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari mu fara da abin da ya faru a makarantarmu a zangon da ya wuce. Mun lura yaran aji huɗu suna cika littattafan rubutunsu tun zango bai raba ba, iyaye kuwa sun fara gunaguni cewa yara na yage takardu suna yin jirgi da su. Rannan a darasin lissafi sai muka ce kowa ya ƙirga fallayen littafinsa. A bangon kowane littafi an rubuta falle 60. Wani ya ƙirga 48, wata 44, wanda ya fi kowa ya sami 52, alhali babu alamar an yage ko ɗaya. Abin kunyar shi ne, mu da kanmu muka nuna wa iyayen yaran shagon, domin a nan muka sami dozin mafi sauƙi bayan mun zagaye kasuwa. Muka koma wurin mai shagon da fushinmu. Ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya sunkuya ya jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin kanta, ya kakkaɓe ƙurar da ke kansa, ya ce, "Malamai, ga cikakken nan. Wata uku ke nan yana ajiye, duk wanda na faɗa wa kuɗinsa sai ya ce na cika tsada, ya wuce gaba. Ku kuka taya da kuɗin da ba zai sayi mai falle 60 ba." Ba mu wanke shi ba, domin sayar da abu da sunan da ba nasa ba ha'inci ne. Amma mun dawo jikinmu a sanyaye, muna tuna cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ciniki al'adarmu ce, kuma al'ada ce mai kyau. Mai kaya ya faɗi kuɗi, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja ana saki har a sallama, a ƙarshe a nemi gyara a ƙara ɗan abin da ya samu, a rabu ana sa wa juna albarka. A wannan tsari kowa ya san kayan, kowa ya san darajarsu, ana ja-in-ja ne kawai a kan ribar da ke tsakani. Abin da ya shigo mana yanzu daban ne. Mun koma muna tambayar kuɗi kafin mu dubi kaya, muna zaɓen mafi araha ko da hankalinmu ya gaya mana cewa ba zai yiwu a yi abin kirki da wannan kuɗin ba. Wannan shi ne abin da muke so mu duba tare yau.

Sanin kowa ne cewa ba son banza ne ya kai mu nan ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A ƙarshen 2024 ɗin alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024, amma kowa a zauren nan ya san kasuwa ta riga albashin isa. Wanda ke da baki goma a gida, ga haya, ga kuɗin mota, ga asibiti, ba za a zarge shi don ya nemi sauƙi ba. Tattali wajibi ne. Tambayar ita ce, shin abin da muke yi tattalin ne, ko kuwa asara ce muke biya kaɗan-kaɗan?

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk kayan da muka gani a rumfa, akwai abin da aka kashe kafin su iso: kuɗin ɗanyen kaya, ladan ma'aikaci, kuɗin mota, haya, haraji, sa'an nan ribar mai sayarwa. In muka matsa wa farashi, wurin farko da yake raguwa shi ne riba, wannan kuwa halal ne, shi ne amfanin ciniki. Amma riba tana da iyaka. Da zarar mun wuce ta muka shiga cikin uwar kuɗi, to ɗan kasuwa ba zai yi ta sayarwa da faɗuwa ba. Ragin ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa, ya koma inda idonmu ba ya gani. Mun lura wurare uku yake ɓuya.

Na farko shi ne awo. Mudun da aka bubbuge gindinsa ya shiga ciki, kwanon da aka yanke bakinsa, buhun da aka zare masa tiya biyu aka sake ɗinkewa, yadin da ya gaza yadi, littafin da ya gaza falle 60. Kuɗin bai canja ba, kayan ne suka ƙanƙance. Wannan tsohuwar cuta ce, shi ya sa Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda a kan masu tauye mudu, Littafi Mai Tsarki ma ya yi tir da ma'aunin ƙarya.

Na biyu shi ne inganci, wato algus. Ruwa a cikin nono, tsakuwa a cikin shinkafa, yashi a cikin takin zamani, launi a cikin manja, ƙarin yashi a cikin bulo, siririyar waya a inda ya kamata a sa mai kauri. Wannan ya fi na farko haɗari, domin mudu ana iya sake aunawa a gida, amma algus sai ya yi ɓarna ake ganewa.

Na uku shi ne gumin ma'aikaci. In ba a rage awo ba, ba a rage inganci ba, to an rage ladan wanda ya yi aikin. Za mu dawo kan wannan, domin a nan ne maganar ta taɓa mu kai tsaye.

Yanzu mu dubi yadda neman araha yake korar kayan kirki daga kasuwa gaba ɗaya, domin wannan shi ne babban abin da ba mu cika lura da shi ba. Mu ɗauki masu zuma biyu a kasuwa ɗaya. Ɗaya tsantsa yake sayarwa, ɗayan kuwa ya haɗa tasa da narkakken sukari. A cikin kwalba launinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Mai saye ba zai iya bambancewa ba, saboda haka yana tsoron kada ya biya kuɗin tsantsa a ba shi haɗi, sai ya taya da kuɗin haɗi. Mai haɗi ya sallama da murna, domin ko a haka ya ci riba. Mai tsantsa ya ce albarka, ya koma gida da kayansa. Kasuwa ta ci sau biyar, sau goma, bai yi ciniki ba. Zaɓi uku ya rage masa: ya sayar da faɗuwa, ko ya bar sana'ar, ko shi ma ya sayo sukari. Ko wanne ya ɗauka, zuma tsantsa ta bar wannan kasuwar. Bayan shekara biyu sai ka ji mu muna cewa, "Ai yanzu babu zumar gaske, mutane sun lalace." Mun manta cewa lokacin da take nan mu ne muka ƙi biyan kuɗinta.

Wannan ba hasashenmu ba ne mu kaɗai. A shekarar 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi nazari a kan kasuwar motoci na hannu, ya nuna cewa muddin mai sayarwa ya san aibin kaya mai saye bai sani ba, to masu motocin kirki za su janye, a bar kasuwa da gwanjon da ba shi da mamora. Wannan nazarin yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Abin da ya bayyana da lissafi, kowace uwa da ke sayen man gyaɗa ta daɗe da saninsa a aikace.

Mun ga wannan da idonmu a kan atamfa. A 1957, zamanin Sardauna, gwamnatin Jihar Arewa tare da wani kamfanin Ingila suka buɗe masaƙar Kaduna, wasu masaƙun suka biyo baya a Kakuri, da Kano, da Funtuwa, da Gusau. Audugar manomanmu ake kaɗawa, 'ya'yanmu ke aiki, kuma a shekarun 1980 saƙa tana cikin sana'o'in da suka fi ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Waɗanda suka kai shekarunmu za su tuna atamfar da iyayenmu mata ke ɗaurawa shekara da shekaru, ta tsufa a yi wa yara zanen goyo da ita, launinta bai gudu ba. Sai ga atamfa mai araha ta fara kwararowa daga ƙasashen Asiya, galibi daga Sin, ana fasa-ƙwaurinta ta iyakokin Nijar da Benin, wata ma an kwaikwayi zanen masaƙunmu da tambarinsu. A ido kamar ɗaya, a kuɗi kuwa tazara mai nisa. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka koma gida. Gaskiya ne rashin wutar lantarki da tsadar man injuna da sakacin tsaron iyaka sun yi babban aiki wajen wannan faɗuwa. Amma a Kantin Kwari hannunmu ne ya riƙa miƙa kuɗi. Mun rage 'yan ɗaruruwa a kan turmi, muka yi asarar masana'anta, manomin auduga ya rasa mai saye, kuma da yawa daga yaran da iyayensu suka rasa aiki a ajujuwanmu suka zauna babu littafi, babu karin kumallo.

In a kan tufafi asarar ta dukiya ce, a kan magani ta rai ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko kuma bai cika inganci ba. Ƙwayar maganin zazzaɓin cizon sauro da aka rage mata ƙarfi, kamanninta ɗaya da ta gaske. Yaro ya sha, zazzaɓi ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa, a sake saye, a ƙarshe a kwana a asibiti a kashe ninkin abin da aka yi gudu. Wasunmu za su tuna abin da ya faru a ƙarshen 2008, lokacin da maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara aƙalla 84 a ƙasar nan, wasunsu a Zariya. Bincike ya nuna cewa a maimakon sinadarin da aka saba narkar da magani a cikinsa, an sami wani mai guba, irin wanda ake amfani da shi a ruwan birki, mai kashe ƙoda. Iyayen yaran nan ba su da laifin komai, sun sayi abin da suka ɗauka lafiyayye ne. Amma guban ya fi sinadarin gaskiya araha, kuma wannan ne ke ba shi hanyar kutsawa cikin magunguna a ƙasashe daban-daban, kamar yadda aka sake gani a Gambiya a 2022, inda maganin tari ya kashe yara kusan 70. Ashe neman araha ba a bakin kanta kaɗai yake ba. Yana hawa tun daga mai saye zuwa ɗan sari, zuwa mai masana'anta, zuwa mai kawo masa ɗanyen kaya, kowa na matsa wa na samansa, har a kai inda wani zai rufe ido ya zuba abin da bai kamata ba.

Mu juya ga ayyukan hannu da hidimomi, inda abin ya fi ɓuya, domin aiki ba a ɗaga shi a duba kafin a biya. Mun kai wa kafinta aikin gado, ya faɗi kuɗi, muka raba biyu, muka ce in ba zai yi ba ga wani can. Ya karɓa don kada ya kwana da yunwa, amma ɗanyen katako zai sa, wanda zai banƙare da zarar hunturu ya shigo. Mun matsa wa tela, sai ya rage ɗinki ya miƙa wa yaron shago. Mun ce wa bakanike ya nemo mana mai sauƙi, sai ya ɗaura mana jabun kayan birki. Mun ƙi shiga tasha mun tsaya bakin hanya saboda ragin naira ɗari biyu, sai ga mu mutum biyu a gaba, huɗu a baya, a kan tayoyin da suka gama aiki a wata ƙasa kafin a kawo su nan. Direban bai yi mana ragi ba, ya sayar mana da ƙasa da kujera ɗaya ne, ya kuma haɗa mana da kasada. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Haka abin yake a ginin makarantunmu. Dokar ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ce a bai wa wanda ya kawo farashi mafi ƙanƙanta daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan aikin. Rabin farko na wannan ƙa'ida kowa ya haddace, rabi na biyu ne ake mantawa. Ɗan kwangilar da ya karya farashi don ya sami aiki, kuma ya san akwai hannayen da zai cika kafin a biya shi, a jikin ginin zai fanshe. Mun zauna a ajin da iskar farkon damina ta yaye kwanonsa shekara guda da gamawa. Mun karɓi bencina masu sheƙin fenti, kafin zango ya ƙare ƙafafunsu sun zube, yara sun koma ƙasa. Mun riƙe allin da ke marmashewa a hannu kafin a rubuta layi ɗaya. A takarda an yi wa gwamnati tattali. A zahiri za a sake ba da kwangilar nan bayan shekara biyu, a biya sau biyu, yaran kuma sun yi asarar karatun da ba a sayo shi a kasuwa.

Yanzu mu dawo kan wuri na uku da ragi ke ɓuya, wato gumin ma'aikaci. 'Yan uwa, mu ma kaya ne a wata kasuwar, kuma ana taya mu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar shiga aikin koyarwa, kuma tun 1993 aka kafa hukumar rajistar malamai. Amma uba yana zagaya unguwa yana neman makarantar kuɗi mafi araha, mai makaranta kuma, don ya riƙe wannan farashin, sai ya ɗauko wanda bai taɓa koyon aikin koyarwa ba ya biya shi abin da ko kuɗin motarsa na wata bai kai ba. Hukuma ma takan ga ya fi mata sauƙi ta cika aji da yara fiye da ɗari a gaban malami ɗaya, ko ta ɗauki na wucin gadi, da ta ɗauki ƙwararru biyu. Sakamakon irin na masu zuma ne. Haziƙin malami ya koma kasuwa ko ya nemi aikin ofis, haziƙin ɗalibi ya ƙi shiga kwalejin ilimi, sa'an nan jama'a su ce ai yanzu babu malaman kirki. Algus ɗin ilimi kuwa ya fi kowane daɗewa bai bayyana ba, sai bayan shekara goma, ranar da yaro ya kasa rubuta wasiƙa. To, mu da muka san zafin a taya mu ƙasa da darajarmu, bai kamata mu zama masu yi wa kafinta da tela da mai nono irin abin da muke kuka ana yi mana ba.

Adalci ne mu faɗi cewa ba kowace araha ce cuta ba. Lokacin da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, layi kaɗai yana kaiwa naira 20,000, kira kuma naira 50 ne a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran kamfanonin suka bi dole, farashi ya faɗi, har layi ya zama abin da kowa ke iya mallaka. A nan neman sauƙi ya amfani jama'a. Me ya bambanta wannan da zuma? Abu biyu. Mai waya yana gane ingancin abin da ya saya nan take, in kira ba ya shiga ya sani. Kuma yana iya barin wannan kamfani ya koma wancan. Duk inda mai saye ke iya ganin inganci kuma yake da zaɓi, gasar farashi tana tilasta wa mai kaya ya gyara aikinsa. Inda kuwa ingancin a ɓoye yake, kamar magani da taki da bulo da karatun yaro, gasar farashi tana tilasta masa ya lalata shi. Wannan shi ne ma'aunin da muke roƙon kowa ya tafi da shi gida.

To, mene ne abin yi? Na farko, mu yi lissafin da muke koya wa yara. Mu ɗauka takalmin makaranta na naira 3,000 yana yin zango ɗaya, na naira 7,000 kuma yana kai shekara. Zango uku ne a shekara, saboda haka mai araha ya ci 9,000, mai tsada ya ci 7,000. Wanne ne mai arahar? Haka za mu auna fitila mai caji, da tukunya, da jakar makaranta, da inifom: mu raba kuɗin da tsawon kwanakin da abin zai yi aiki.

Mun san abin da wani zai ce a ransa: "Malam, lissafin daidai ne, amma 7,000 ɗin ce babu a hannu ranar da takalmin ya tsinke." Wannan gaskiya ce, kuma ita ce tarkon da ke sa talaka ya fi mai kuɗi kashewa a kan abu ɗaya. Amsar ita ce dalilin taruwarmu yau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da mutum ɗaya ba zai iya saye lokaci guda ba, asusun haɗin gwiwa zai iya, a cire masa kaɗan-kaɗan daga albashi. Kuma in mun haɗu muka yi sari, ragin da za mu samu daga yawan kaya zai fito, da kuma tsallake 'yan tsakiya, ba daga cikin mudu ko inganci ba. Wannan ita ce araha mai tsabta.

Saboda haka muna ba kwamitinmu shawara huɗu. Ku rubuta siffar abin da kuke so kafin ku tambayi kuɗi: nauyin buhu, yawan falle, kaurin yadi. Ku karɓi samfur ku ajiye, ranar kawo kaya a auna, a ƙirga, a gwada da shi a gaban shaidu. In farashin wani ya faɗo ƙasa da na kowa da nisa, kada ku yi murna, ku tambaye shi abin da ya rage. Kuma in kun sami mai gaskiya, ku riƙe shi, ku koma wurinsa baɗi, ku faɗa wa sauran rassa, domin gaskiya ma in ba ta da mai saye, rumfarta rufewa take yi.

A gidajenmu kuma, akwai abubuwan da za mu iya sassautawa, akwai waɗanda ba a wasa da su. Labule da faranti da kayan ado, in sun lalace kuɗi ne kawai ya tafi. Amma magani, da abincin jarirai, da wayar wuta, da tukunyar gas, da birki da taya, da iri da taki, waɗannan kada mu sa araha ta zama ita ce alƙali. Mu sayi magani a wurin da ke da rajista, mu duba lambar NAFDAC da ranar da zai daina aiki. Tun 2010 akwai magungunan da ke ɗauke da wurin kankarewa a jikin kwali, a tura lambar da ke ciki ta saƙon waya a sami amsa ko na gaske ne. In an cuce mu kuma kada mu ce Allah ya isa kawai mu yi shiru. Akwai NAFDAC, akwai hukumar kula da ingancin kaya ta SON, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, akwai kuma shugabannin kasuwa. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya share shi, amma takarda mai ɗauke da hatimin reshe ba ta sharuwa da sauƙi.

Daga ƙarshe, muna da abin da ɗan kasuwa da ɗan kwangila ba su da shi, wato aji. Yaran da ke gabanmu su ne masu saye da masu sayarwa na gobe. Tun ranar da muka ƙirga fallayen nan, yaran ajinmu ba sa karɓar littafi sai sun ƙirga, har wata yarinya ta zo da mudun gidansu muka gwada shi da na makaranta. Darasin awo da ma'auni yana cikin manhajarmu tun da daɗewa, abin da ya rage shi ne mu haɗa shi da kasuwar da yaro zai bi in an tashi.

Mai shagon nan kuwa mun koma wurinsa a farkon zangon nan, muka sayi cikakken, muka ƙirga a gabansa, falle 60 cif. Mun biya ƙari, amma har yau da muke maganar nan babu yaron da ya cika littafinsa. Ya gaya mana cewa ya sake yin odar irinsa, tun da yanzu ya ga akwai masu nema.